A Sauke Ni a Wurin Ishaya

Litinin, 6 ga Oktoba 2003, da hantsi

Na kafa su. Suna can tsaye a gefen gonar Baba Kefas, ƙanen mahaifinmu, daidai inda hanyar Dabai ta yi kwana, yadda duk wanda ya taho sai ya yi kiciɓis da su ko yana so ko ba ya so. Da karan dawa na yi musu ƙashi, na cusa ciyawa, na sa musu kakin soja na gaske, wanda aka taɓa yin gumi a ciki. Ba su da fuska. Ƙwarya na kifa wa kowanne a wuya, ko ɗigon ido babu. A ƙirji na watsa jan fenti, na bar shi ya gangaro har gwiwa.

Kakin na mazan da aka kwasa aka kai yaƙin can ƙetare ne, ba su dawo ba, gawarsu ma ba ta dawo ba. Gida-gida na bi matansu da iyayensu suka ara mini. A Zuru kusan kowane gida da soja, kowane gida kuma da maganar da ba a yi. Ana haɗuwa a coci, a gaisa, a tambayi lafiyar awaki, a wuce. To, ni Sandra, na gaji da wannan shirun.

Shekarun da na yi a Zariya ina zana 'yan mata da ƙwaryar nono a ka don a rataye a falon otal sun ishe ni. Wannan zanen ba ya tada kowa daga barci. Zanen gobe shi ne wanda zai mari mutum a tsakiyar hanya ya tsaya ya dafe kunci. Wanda bai yarda ba ya zo kwanar Dabai ya gani.

A ƙafar kowanne na ajiye katako da sunan mai kakin. Na gaban, dogon, shi kaɗai ban rubuta wa suna ba.

Talata, 7 ga Oktoba, da yamma

Madalla! Wani ɗan kabu-kabu ya yi kwana ya gan su, ya zarce rami da buhun masarar mutane. Bai ji ciwo ba, sai dai baki. Mata masu tafiya kasuwa sun watse cikin dawa suna kiran sunan Yesu. Zuwa azahar rabin gari ya je kallo.

Baba Kefas ya ce ko banza tsuntsaye sun bar masa dawa. Yana dariya ya faɗa, amma na lura bai ɗaga kai ya dube su ba. Shi ma tsohon soja ne.

Ban yi nadama ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da rana

Mama ta buɗe akwatinta ba ta ga kakin Ishaya ba.

Ai na san ranar nan za ta zo. Duk Asabar sai ta fito da shi ta shanya a igiya kada ya yi fumfuna kafin mai shi ya dawo. Shi ne wanda yayana ya bari a hutunsa na ƙarshe. Tun da ya koma ba wasiƙa, ba gawa, ba wanda ya zo ya ce mana ga abin da ya faru. Kullum da yamma Mama tana raba tuwo kwano huɗu: nata, nawa, na Magdalene matarsa, da nasa. Ta rufe nasan ta ajiye a kan turmi. Da safe a ɗumama mu ci, ba wanda ke cewa komai.

Magdalene ce ta yi maza ta ce an kai wa tela, maɓalli ya ɓalle. Mama ta yi ta faɗa, wai wane tela ne ya fi ta sanin kayan ɗanta. Ni na sunkuya ina tsince shinkafa kamar ba da ni ake ba.

Yadda kakin ya fito daga akwati ba zan rubuta ba. Abin da zan ce kawai, Magdalene ta gaji. Ba bazawara ba ce, ba matar aure ba ce, ba ta da ikon yin kuka a gidan nan don kada Mama ta ce tana yi wa ɗanta mugun fata.

Mama tana da hawan jini, idanunta kuma yana ta rufe su, sai inuwa-inuwa take gani. Ba ta zuwa ko'ina yanzu, har coci. Ba za ta sani ba. Gari duka ya girgiza, ban da ita.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan sujada

Fasto bai kira sunana ba, amma da ya ce akwai masu ilimin da ba su san darajar matattu ba, duk kawuna sun juyo layinmu. Na gyara ɗaurin ɗankwalina na zuba masa ido har ya gama.

A ƙofar coci Rachel ta tare ni. Ita ce matar Mika, wanda suka tafi tare da Ishaya. Ta ce ai hoto na ce mata zan yi da kakin mijinta, abin tunawa. Na ce mata wannan shi ne hoton, kuma shi ne na gaskiya. Ta ce in haka ne makarantar zane ta koya mini, gara da na zauna gida na yi noma. Ta tofar da yawu ta wuce.

Amma ga abin da ya fi mini komai. Da na biyo ta gindin mangwaro inda maza ke zama, na ji suna kiran sunaye. Wane ya tafi wace shekara, wane ya bar mata da ciki, wane babansa ya mutu yana sauraren rediyo. Tun da nake ban taɓa jin an yi wannan zancen da ƙarfi a garin nan ba. Wa'azin shekara da shekaru bai buɗe bakinsu ba, kara da ciyawa sun buɗe.

Aikin yana tsaye.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Rachel ta je ta tuɓe kakin mijinta, ta bar karan tsirara. Ya ma fi ban tsoro haka.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da yamma

Na je shagon Oga Ndubuisi, inda nake sayen fenti. Ashe mutumin ya riga ya je da kyamara ya ɗauki hotuna, ga su nan a gilashi kusa da na 'yan ƙwallo. Na ce wa ya ba shi izini. Ya ce abin da aka kafa a bakin hanya na kowa ne. Da gaskiyarsa kuwa.

Da Hausarsa ta kanti, wadda mace ma "shi" ce, ya gaya mini ya aika wa wani abokinsa a Kaduna hotunan. Mutumin yana da gidan da ake baje kolin zane, Turawa na zuwa. Zai zo ya gani da idonsa Asabar ta farkon watan gobe. Na yi kamar abin bai dame ni ba, amma da na fito sai da na yi ɗan tsalle a bayan shago.

Sai ya biyo ni da shawara. Wai in ƙara jini, in ƙara muni, mutane sun fara sabawa. Na ce masa shi ya tsaya a sayar da fenti, ni in tsaya a shafawa.

Litinin, 20 ga Oktoba, da rana

Kai, mutanen garin nan! Na je yau na tarar da tsuntsaye jere a kafaɗar ɗaya suna gyaran fiffike. Wani manomi ya rataye goran ruwansa a hannun wani. Wata mai gyaɗa ta baje tire a inuwarsu, wai nan ne ake tsayawa. Sati biyu kacal!

Haushi ya kama ni har wuya. Oga Ndubuisi ya yi gaskiya, kuma ba na son ya yi gaskiya. Irin wannan aikin haka yake ashe: marin jiya ba ya zafi yau. In kana so a ci gaba da ji, sai ka ƙara nauyin hannu. To zan ƙara. Ina ƙarshen ƙarawar, ban sani ba, kuma ba yau zan zauna tunaninsa ba.

Akwai wani abu. Ina tsaye ɗan kabu-kabu ya zo da fasinja, na ji matar ta ce, "A sauke ni a wurin Ishaya."

Na tambayi mai gyaɗar. Ta ce ai haka kowa ke kiran kwanar yanzu. Ban rubuta suna ba, amma wa ya kai shi tsawo a garin nan? Ga kuma wandon. Ba a taɓa ba shi wanda ya kai masa idon sawu ba, sai da Mama ta ƙara ƙyalle a ƙafafun da hannunta. Kowa ya san wandon nan.

Na dawo gida ban gaya wa Magdalene ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, da hantsi

Na je mahauta na karɓo jinin sa a bokiti da ƙashin haƙarƙari. Mahautan suna ta tsokanata, wai ko tsafi na fara. Na ce e, kuma da su zan fara.

Na yaga gaban rigunan kaɗan, na cusa ƙasusuwan suna leƙowa, na kwara jinin a kai. Da na zo kan dogon na tsaya. Na daɗe a tsaye, bokiti a hannu. Sai na ce wa kaina in na tsallake shi, na cuci sauran matan da suka ba ni nasu. Ba zan mari 'ya'yan wasu in rufe nawa da zane ba.

Na kwara.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da yamma

Ƙudaje, wari, har ungulu. Mai gyaɗa ta kwashe tirenta. Masu wucewa suna toshe hanci suna tsine mini. Yawwa, haka nake so.

Baba Kefas ya same ni a bakin gonar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Warin nan na san shi, ɗiyata. Ban yi zaton zai biyo ni gonata ba." Na roƙe shi ya yi haƙuri zuwa ranar da baƙon Kaduna zai zo. Ya ce to, don darajar yayansa da ke ƙasa, amma shi ba zai sake taka gefen nan ba sai an kwashe.

Dawarsa ta nan gefen ta isa yanka. Na san da haka.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe

Mama ta sake tambayar tela. Ta ce a kai ta wurinsa ta ji ko maɓallin daga Ikko ake kawowa.

Litinin, 27 ga Oktoba, da rana

An wayi gari an ga mutum-mutumi a ƙofar shagon wani mai shayi a bakin tasha, an sa masa tsohuwar riga, an shafa ja a wuya, an rubuta sunan mai shayin a kwali. Wai samari ne da suka yi rigima da shi. Mutumin ya rufe shago ya tafi ƙauyensu Kanya. An ce an ga wani irinsa a Mahuta, a ƙofar gidan wata da ta ƙi wani saurayi.

Yanzu duk inda na bi sai a ce ga abin da na jawo. Ni na jawo? Ba ni na koya wa kowa mugunta ba, da abarsu na same su. Na ɗauki kara na faɗi gaskiya da shi, su sun ɗauka sun yi barazana. Wannan ba laifin kara ba ne.

Sai dai da na ga hoton na tashar a gilashin Oga Ndubuisi, kusa da nawa, girmansu ɗaya, sai na kau da kai. Wanda bai sani ba zai ce hannu ɗaya ne ya yi su.

Ban yi nadama ba. Na rubuta ne kawai don in tuna.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Abin ya shigo gida.

Wata mai daddawa, Bahausa daga Mahuta, ta saba kawo mana. Tana tsakar gida tana aunawa, Magdalene ta tambaye ta ya hanya. Ta ce lafiya lau, a wurin Ishaya ma ta sauka ta ƙaraso da ƙafa, har yanzu yana nan tsaye abinsa a bakin hanya. Baiwar Allah ba ta san gidan wa take ba.

Mama tana kan tabarma. Ta miƙe zaune kamar yarinya, ta ce wane Ishaya. Mai daddawa ta ce dogon sojan nan mana, na kwanar Dabai.

Magdalene ta ruɗe. Da yake da Hausa ake zancen, da Hausa ta fito mata, ta ce, "Mama, mutum-mutumi ne."

Hausar Mama ta kasuwa ce da ta waƙoƙin coci. A kan dutse ta girma, da yarenmu take tunani, da shi take mafarki. Abin korar tsuntsu ta san shi sarai, amma da sunansa na C'lela ta san shi. Ta dubi inda muryar Magdalene take ta ce, "To mutum ne mana. Har sau biyu kika faɗa."

Kalma ɗaya da yarenmu ta isa ta gyara komai. Na ga bakin Magdalene ya buɗe ya rufe. Nawa ko buɗewa bai yi ba. Don in ka faɗi wannan kalmar, sai ka faɗi sauran: wa ya cusa ciyawa a rigar ɗanta, wa ya kwara jini.

Mama da kanta ta ba mu mafita. Ta ce ta gane, gadi aka sa shi, soja kuwa ba ya barin wurin gadi ko da ƙofar gidansu yake hange. Shi ya sa aka karɓi kakin, ashe ba tela ba ne, muna ɓoye mata ne don kada murna ta kayar da ita. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce mu 'yan banza ne.

Rabon da in ji dariyarta na manta.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da safe

Mun yi faɗa da Magdalene a bayan rumbu, ƙasa-ƙasa don kada Mama ta ji. Ta ce in je yanzu-yanzu in cire shi, a wanke kakin, a ce wa Mama an canja masa wurin aiki. Na ce zuwa Asabar kawai, baƙon ya gani, da yamma in kwashe komai. Dogon shi ne fuskar aikin, in babu shi sauran ba su da kan gado. Ta ce da ta san haka zuciyata take da ba ta taɓa akwatin nan ba. Na ce ai ba a makance ta taɓa ba.

Bai kamata in faɗi wannan ba. Amma lissafina daidai ne. Mama ba ta fita, ƙafa ba ta kai ta, ido ba ya kai ta. Mun ce mata sai Lahadi ake barin a gana da masu gadi, ta yarda. Asabar tana gaban Lahadi. Me zai faru?

Alhamis, da yamma

Mama tana waƙa. Ta jiƙa dawa, ta sa an kama mata jan zakaran.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da rana

Bari in rubuta yadda aka yi.

Na fita da hantsi zuwa shagon Oga Ndubuisi in ji ƙarfe nawa baƙon zai iso. Magdalene ta tafi famfo. Da ta dawo ba Mama, ba sandarta, ba kwanon da ke kan turmi. Maƙwabta suka ce sun ga ta lallaɓa bakin titi cikin farin zanenta na zumuntar mata, ta tsayar da ɗan kabu-kabu. Daga baya na ga mutumin, ya rantse mini bai san komai ba. Tsohuwa ta ce a kai ta wurin Ishaya, ya kai ta. Kowa can yake cewa a kai shi.

Ban san yadda na isa ba. Na tarar da mutane sun yi cirko-cirko a nesa. An ce da ta sauka ta hango inuwar dogon, ta yi guɗa, ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro. Ta kira, ta sake kira. Ta ce ko gadi ya hana shi gaida uwarsa. Sannan ta matsa.

Da na iso tana tsaye a gabansa, kwanon a ƙasa, ƙudaje sun baibaye ta. Ta kama hannun rigar, ciyawa ta fito mata. Ta shafa ƙirjin, ta taɓa ƙashin, ta kai yatsun hanci. Ta miƙa hannu sama ba ta kai ƙwaryar ba. Sai ta durƙusa a hankali, ta laluba ƙafar wandon, ta bi ɗinkin da yatsa tun daga farko har inda ta ƙulle zaren.

Ina jira ta faɗi. Wallahi ina jira in ga na kashe uwata a bakin hanya, gaban mutane, saboda baƙon Kaduna.

Ba ta faɗi ba. Ta ce da yarenmu, ba ta juyo ba, "Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ce, Mama.

Sannan ta tambaya tun yaushe yake nan. Na ce an kwana biyu. Ta ce a rana? A ruwa? Na ce e.

Ta ce a kawo ruwa. Magdalene ce ta kawo, ban san lokacin da ta iso ba. Mama ta kwance ɗankwalinta ta tsoma, ta shiga goge ƙirjin. Jinin ya bushe, fentin kuma ba ya fita da ruwa, ni na sani, amma na bar ta tana gogewa. Ta zare ƙasusuwan ɗaya-ɗaya ta ajiye gefe. Ta ja gaban rigar ta haɗa. Baba Kefas, wanda ya ce ba zai sake taka wurin ba, sai ga shi tsaye a bayanta, hula a hannu.

Ta ce masa, "Ku kwantar da shi. Ya gaji da tsayuwa."

Shi da wasu maza suka tumɓuke shi suka shimfiɗe a ƙasa. Mama ta zauna ta ɗora ƙwaryar a cinyarta, ta shafa gaba, ta shafa baya. Sai ta juyo wajena.

"Kin yi masa jiki, ba ki yi masa fuska ba. Ke da kika yi makarantar zane."

Ta kamo hannun Magdalene ta ce mata, "Yi kukanki, ɗiyata. Na riƙe ki da yawa." Kukan da Magdalene ta yi ba zan iya rubuta shi ba.

Juma'a, da yamma

Na zauna a ƙofar ɗaki da ƙwaryar da buroshi. Ni da na ce na bar zanen fuska har abada.

Da farko ya ƙi zuwa. Na tsorata, na ce ko na manta kamannin yayana. Ina iya tuna tsawonsa, da takalminsa, da yadda yake sunkuyawa ya shiga ɗaki, amma fuskar babu. Ban ɗauko hotonsa ba, na ce in hannuna bai san shi ba, to ban cancanci in yi ba. Sai na fara da wushiryarsa, sauran suka biyo.

Na kai wa Mama. Ta matso da ita har tana taɓa hancinta, ta juya ta wajen haske, ta daɗe. Ta ce kunnuwan sun yi ƙanana, ɗanta kunnuwan babansa ya ɗauko, kowa ya sani. Na koma na ƙara. Ta sake dubawa ta ce yawwa, ga shi.

Sai a lokacin ta yi kuka.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma

Mun binne shi da safe, kusa da kabarin mahaifinmu. Fasto ya zo. Bai dube ni ba, amma ya yi addu'a mai kyau, ya kira sunan Ishaya cikakke. Mata sun yi waƙa. Rachel ta zo ta tsaya a baya, ba ta gaishe ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kafin azahar iyalan sauran suka fara zuwa gonar. Wasu sun tuɓe kakinsu sun tafi suna zagina. Wasu sun ɗauki abin ɗungurungum a kafaɗa. Wata tsohuwa daga Dabai ta aiko da ƙwaryar nata da ɗan hoto, wai in yi mata yadda na yi wa Saloma, wato Mama. Na ce a ajiye, zan yi.

Baƙon Kaduna ya iso da la'asar, ya tarar da ramuka da kara tsirara irin na Mika. Ya ce na yi wauta, aiki irin wannan da an ji sunana har ƙasar waje. Ya ce ko zan sake yin wasu a can, manya, waɗanda suka fi muni. Na ce zan sake yin aiki mai mari, wannan kam babu shakka, garin nan da sauran shirun da ba a fasa ba. Amma daga yau, kafin in kafa abu a hanya, sai na iya kama hannun mai abin na kai ta gabansa da kaina. Ya ce ai haka zai rage wa aikin zafi. Na ce masa da ya zo jiya.

Baba Kefas ya fara yankan dawarsa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan sujada

Mama ba ta yi mini magana ba tun jiya, sai abin da ya zama dole. Jininta ya hau, an ba ta magani, tana kwance. Ban sani ba ko ta yafe, kuma ba zan tambaya ba tukuna.

Na so in rubuta abin da na saba rubutawa a nan. Na fasa.

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Mama ta tashi. Ta karɓi mara daga hannun Magdalene ta ce ita za ta raba tuwon. Na jera mata kwanoni yadda na saba, ban ma lura ba. Ta laluba su da hannu, ta ɗauki na huɗun ta miƙo mini.

Ta ce, "Wanke wannan ki kife. Ya ci nasa."